Busa Uku Ta Raba Ni da Takwara

Jama'a, ku matso. Wanda ke tsaye ya zauna, wanda ke cin abinci ya ajiye loma kada ya ƙware. Ni Inna Hindatu mai daddawa ta bakin kasuwar Illela, wadda ta saba kawo muku labarin mutane, yau nawa na kawo. Ranar Talatar nan da ta wuce na sha fetur. Ba a tankin babur aka zuba ba, a cikina aka zuba. Kuma daga hannun babban mutum na sha, ana tafi ana ɗaukar hoto. Ku yi haƙuri, za mu zo wurin. Tuwo mai zafi daga gefe ake cinsa.

Raliya, matar ɗana Lawwali, ta sauka lafiya a ƙauyen Araba, an samu 'ya mace. Jikoki goma sha ɗaya gare ni, babu ko ɗaya da ta ci sunana. Ranar da na je barka, Lawwali ya dafa ƙirji ya ce wannan karon Hindatu za a sa. To amma ni na haifi Lawwali, na san kayana. Kunnensa kamar zauren gidan haya yake, wanda ya shiga ƙarshe shi ne mai gida. Ga kuma uwar Raliya, Hajiya Mahbuba ta Darna Sabon Gari, tun cikin yana wata biyar take kai masa fura da man shanu, ba don Allah ba. Lissafin a fili yake: duk wadda ta kwana kusa da kunnen Lawwali ranar jajibirin suna, ita ce da takwara.

Za ku ce, to Inna, me ya dawo da ke Illela bayan barka? Me ya hana ki shimfiɗa tabarma can ki tsare kunnen ɗanki? Zan faɗa, tunda na saba tona asirin wasu.

Kusa da inda nake kasa daddawa akwai shagon Mukhtari mai gyaran rediyo da talabijin. Shi ma ba yaro ba ne, furfura ta cinye rabin gemunsa. A ƙarƙashin teburinsa akwai wata tsohuwar na'urar wasa, irin wadda ake soka wa kaset a jona ta da talabijin. Wani mutumin Ƙonni ne ya kawo gyara tun Mukhtari bai yi aure ba, har yau bai waiwayo ba. Da ciniki ya ja baya, sai Mukhtari ya kakkaɓe ta ya jona da batirin sola. Ni leƙawa kawai na yi don in ji abin da ake cewa a shagon. Ban ankara ba sai ga abin dannawa a hannuna, ƙudaje suna ta walima a kan daddawata.

Wani ɗan mutum ne a cikin wasan, bai kai tsawon yatsana ba, na raɗa masa suna Ɗan Duƙus. Ba ya noma, ba ya kiwo, aikinsa gudu da tsalle. Ya tsallake rami, ya tsallake wuta, ya tsallake dodo. In ya gama ƙasa ɗaya a buɗe masa ta gaba, har ƙasa bakwai. Na ce wa Mukhtari wannan ko tantama babu ɗan garinmu ne, don duk wanda ya bi hanyoyinmu da damina ya san wannan tsallen.

Kwana huɗu ina faɗawa rami guda a ƙasa ta biyu. Na rantse ba zan bar Illela ba sai na haye shi. Ranar Litinin Mukhtari ya gaji da tsakina, ya karɓi abin dannawa, ya kai Ɗan Duƙus wani lungu a bayan dutse. Ashe an ɓoye sarewa a wurin. Ɗan Duƙus ya ɗauka ya busa sau uku. Sai ga guguwa ta taso, ta sunkuce shi, ta dire shi a ƙasa ta bakwai. Ba rami, ba dodo, ba wanda ya tambaye shi takarda.

Na dafe ƙirji. Na ce, “Mukhtari, mi na gani haka?”

Ya ce, “Sarewar tsallake ke nan, Inna. In ka busa ta, ba ka bin hanya.”

“Kai ɗan banza! Ka san da ita, ka bar ni kwana huɗu cikin rami awa kwaɗo?”

“Inna, sarewa tana kai mutum, amma ba ta ba shi guzuri. Wanda yab bi ƙasa-ƙasa yana tara rai, yana tara ƙarhi, yana koyon hanya. Wanda guguwa tak kai, da rai guda za shi isa, bai san gabas ba bai san yamma ba. Tsaya ki gani.”

Na tsaya na gani. Ɗan Duƙus ya yi taku uku, wata wuta ta fito daga inda ba a zata ba ta lashe shi. Na ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Mukhtari ya yi dariya har da tari, ya jawo aljihun teburinsa, ya laluba cikin matattun batura ya fito da wani jan usur na roba, irin na alƙalin ƙwallo.

Ya ce, “Ga taki sarewar, tunda gobe Araba za ki. In hanya ta yi tsawo ki busa.”

Wasa yake yi. Ni ma na san wasa yake yi. Amma na ƙulle usur ɗin a bakin zane.

Talata da hantsi, jajibirin suna, na ɗauko ƙullin daddawa da turmin atamfar jaririya, na kira maƙwabcina Sufyanu ɗan kabu-kabu. Magidanci ne mai 'ya'ya shida, babur ɗinsa ya girmi huɗu daga cikinsu. Ya girgiza babur ya kara kunne a tanki.

Ya ce, “Inna, abin da ke ciki bai hi kohin shayi biyu ba. Kuɗin da 'yan bumburutu ka cewa kuwa, ko jinina ba shi kai haka tsada. Sai mun bi layi.”

Ba a fafe gora ranar tafiya, na sani, kada wani ya tuna mini.

Layin gidan man ya miƙe ya lanƙwasa ya sake miƙewa kamar hanjin rago. Motoci gefe guda, babura gefe guda, sai masu jarka, waɗanda ke ɗaure jarkoki goma a bayan babur su bi ta cikin gonaki, kun san inda suke zuwa, ni ban faɗa ba. A nan dole in yaba wa manyanmu, Allah ya ƙara musu kumatu. Su suka lura zumunci ya mutu a ƙasar nan, suka ƙirƙiro layin mai don a riƙa gaisawa. A layin nan na haɗu da wata ƙawata da na yi wa addu'ar arba'in bara. Kafin azahar na tara labarin aure uku da ke shirin mutuwa, da ciki ɗaya da ba a sanar ba, da wani Alhaji da ke rina gemu a ɓoye. Amma babur ɗin Sufyanu bai matsa ko taku goma ba.

Rana ta take tsaka. Na rufe ido, sai na hango Hajiya Mahbuba zaune kusa da Lawwali, tana dama masa fura tana zuba masa sunanta a kunne da ludayi. Zuciyata ta tafasa. Na kwance bakin zane. Na ce in bai yi amfani ba ai bai ci mini komai ba. Na cika kumatu na busa, fiit, fiit, fiit, sau uku, yadda Ɗan Duƙus ya yi.

Jama'a, guguwa ta zo.

Na rantse da wanda ya halicci daddawa da warinta, ban taɓa ganin irin wannan watsewa ba. Masu jarka suka yi ta kansu. Wani ya hau babur ya manta bai tayar ba, yana ta gudu da ƙafa babur na tsakanin cinyoyinsa. Wani ya kifa jarka a ka ya tsuguna, wai ya ɓuya. Masu mota suka ga ana gudu suka bi, ba su tambaya ba. Wani mai babbar riga, ba jarka ba galan, ya tattare rigarsa ya yi tsalle ya faɗa kwata. Shi ya san abin da ya shuka. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Kafin ƙura ta lafa, daga mu sai famfon mai. Na daki bayan Sufyanu na ce, “Matsa gaba, ɗan nan! Sarewa ta yi aiki!”

Ya juyo, idanunsa kamar za su faɗo. “Inna, kin kashe mu! Busa uku alama ta tsakanin masu jarka. Suna da mai tsaro bakin hanya, in ya hango masu kame shi ka busawa sau uku. Kowa ya san wanga a Illela!”

“Kowa ban da ni? Ni da ko kaza ba ta ƙwai a garin ga ban ji ba?”

“Ke labarin ɗaki kika sani, Inna. Wanga na hanya na.”

Wannan maganar ta fi yi mini ciwo a kan duk abin da ya biyo baya.

Muka gangara gaban famfo, mu ne na ɗaya, mu ne na ƙarshe. Sufyanu ya buɗe tanki. Shiru. Ashe mai zuba man, wanda tun safe yake cika jarkoki ta bayan gida, ya rufe famfo ya haura katanga da makulli a aljihu. Mun isa ƙasa ta bakwai ba guzuri.

Can mutane suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, suna leƙe, suna kakkaɓe jiki. Ba masu kame, ba dalilinsu. Sai aka fara tambaya: “Wa yab busa? Wane la'ananne yab busa?” Na yi maza na jefa usur a baki, na tura shi kumatu kamar ɓarin goro. Wani ƙato da jarkarsa ta fashe ya tsaya a kaina.

Ya ce, “Tsohuwa, ke kina nan ba ki gudu ba. Ba ki ga wanda yab busa ba?”

Na buɗe baki in ce ban gani ba. Abin da ya fito shi ne, “Fiit.”

Ban san yadda za mu ƙare ba, da ba don Allah ya aiko da ta manya ba. Daga nesa aka jiyo ta, wiii-wiii-wiii. Jiniya. Ƙaton ya ja da baya, layin da ya fara haɗuwa ya dare biyu. Motoci goma sha ɗaya, baƙaƙe wuluk, gilashinsu ma baƙi, don kada talauci ya leƙa ya shafa musu. A tsakiya akwai Mai Girma Alhaji Za-a-duba, Garkuwan Alkawari, Bangon Gobe-da-jibi, Allah ya ja zamanin rawaninsa ko da bai da shi. Kada ku tambaye ni ko wane ne. Ni gilashi na gani.

Nan take na gane. Ashe sarewar da Mukhtari ya nuna mini ba a talabijin kaɗai take ba. Manyanmu sun daɗe da gano lungun da aka ɓoye ta, suka kwashe duka, suka ɗaura a kan motocinsu. Su busa, layi ya ɓace. Su busa, rami ya cike. Su busa, mai zuba man da ya haura katanga ya sake haurowa da makulli a hannu yana washe baki. Aka cika motoci goma sha ɗaya har suna amai. Da ta ƙarshe ta ɗaga, ya rataye bututu ya ce mai ya ƙare.

Idanu suka dawo kaina. Sufyanu ya ce, “Inna, riƙe ni da kyau.” Ya tayar da babur ya manne a wutsiyar ayarin.

Kai, jama'a, manya suna shan daɗi! Shingen da kullum sai an tsayar da mu an tambayi Sufyanu takardar babur, da takardar takardar, yau tun daga nesa aka janye itace. Har ƙamewa aka yi mini. Ni kuwa na ɗaga hannu ina gaisuwa a hankali, yadda na ga matansu suna yi. Na ce yau Mahbuba za ta ga ikon Allah, kafin ta gama dama fura na dira.

Sai na hango mararrabar Araba. Na ce, “Sufyanu, karya nan!”

Ya ce, “Waiwaya, Inna.”

Na waiwaya. Ashe motocin sha biyu ne. Ta ƙarshe ta makara, ta taho ta rufe mu ta baya, cike da ƙarti masu baƙin tabarau da sanduna.

Sufyanu ya ce, “Yanzu sun ɗauka cikinsu muke. In munka kauce za su gane mu ba kowa ba na. Guguwa ba a ce mata sauke ni nan.”

Ina ji ina gani mararrabar Araba ta wuce, na bi ta da ido kamar akuyar da aka ɗaure a mota.

Muka yi ta tafiya har wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, don mutanensa sun yi mini karamci. An kafa rumfa, an jera kujeru, ga sabon famfo an ɗaura masa ƙyalle kamar amarya, ga tankinsa a sama yana ƙyalli. Daidai bakin rumfar babur ɗin Sufyanu ya yi tari biyu ya cika. Kofin shayi biyu sun ƙare.

Ban gama sauka ba wani mai takardu a hammata ya cafke hannuna. “Yauwa, ga wakiliyar tsohhi! Ina kika tsaya, Iya? Zo nan gaba. In an miƙo maki ruwa ki sha ki yi murmushi.”

Na ce, “Ɗan nan, ni Araba za ni.”

Ya ce, “Za a duba.”

Mai Girma ya fito. Ya yi jawabi mai daɗi ƙwarai. Ya gode wa mutanen ƙauyen, sai dai da sunan wani ƙauye ya kira su, sau uku, kuma aka tafa sau uku. Ya ce shi da kansa ya biyo hanyar nan yau, bai ga rami ba, bai ga layi ba, bai ga shinge ba, saboda haka masu ƙorafi su ji tsoron Allah. Wallahi gaskiya ya faɗa, ni shaida ce, a bayansa nake. Na dube shi da kyau, na ga Ɗan Duƙus sak: guguwa ta dire shi, bai san gabas ba bai san yamma ba. Bambancin kawai, shi wuta ba ta lashe shi, sai ma lemo mai sanyi da aka miƙa masa.

Aka yanke ƙyalle, aka murɗa famfo, ruwa ya zubo, aka yi guɗa. Mai Girma ya tari ruwan a kofi da hannunsa mai albarka ya kafa mini a baki. Na kurɓa. Jama'a, sai na ji kamar na sumbaci tankin Sufyanu. Ashe rijiyar da aka haƙa wa famfon ba ta kai ruwa ba, da sassafe aka hau tsani aka cika tankin da jarkoki. Kuma a ƙasar nan tamu, ina za ka samu jarkar da ba ta taɓa ɗaukar fetur ba? Na haɗiye, na yi murmushi, hawaye na zuba. Mai hoto ya ce tsohuwa ta yi kukan farin ciki.

Sufyanu ya matso ya raɗa mini, “Inna, in da saura a kohin ki rage man, ko babur ya tashi.”

Jiniya ta sake kuka, guguwa ta kwashe manya. Ta kwashe kujeru, ta kwashe rumfa. Wani ya zo da sifana ya kwance kan famfon ya sa a aljihu, wai akwai wani ƙauyen ranar Alhamis. Aka bar mu da tanki, da mataccen babur, da gyatsa mai ƙamshin gidan mai. Matan ƙauyen suka ba ni masauki, suka roƙe ni kada in matsa kusa da murhu.

Da asuba muka samu amalanken shanu mai kai albasa. Aka ɗora babur, aka ɗora Sufyanu, aka ɗora ni. Muka bi hanya ƙasa-ƙasa, kowane rami sai da ya gaisa da ƙuguna. Muna shan kwanar gidan Lawwali, rana ta ɗan ɗaga, na jiyo maroƙi ya ware murya: “An samu Mahbuba! Allah ya raya Mahbuba!”

Lawwali ya hango ni ya shige cikin maza ya ɓace. Na shiga cikin gida. Ga Hajiya Mahbuba a kan darduma, ta sha lalle, tana rabon goro kamar ita ta yi naƙudar.

Ta ce, “A'a, Hindatu! Sannu da zuwa. Mun ji an ce da jiniya kika taso, mun zata tun jiya za ki riga mu. Ni dai baiwar Allah, a jaki niz zo, tun ran Lahadi.” Ta shaƙi iska ta yamutsa fuska. “Wa yak kunna janareto?”

Mata suka kwashe da dariya. Na haɗiye, yadda na haɗiye na jiya. Na zauna na ce Raliya ta miƙo mini jikata. Aka sa mini ita a cinya, ja-jawur, ta damƙe hannu kamar mai shirin dambe. Na dube ta, ta buɗe baki ta tsala kuka. Sai Allah ya buɗe mini wata ƙofa da ban taɓa hangowa ba. Raliya ba za ta iya kiran sunan uwarta ba, Lawwali ba zai iya kiran sunan surukarsa ba. Ni kuwa wa zai hana ni?

Na ɗaga murya yadda har na zaure za su ji. Na ce, “Kai, Mahbuba, kin cika kuka ba dalili! Dubi bakinta, ko haƙori ɗaya babu, sai son abin duniya. Mahbuba sarkin kwaɗayi, daga zuwa kin kama gida kin zauna! A'a, Mahbuba! Hitsari a zanena? Da girmanki?”

Gidan ya fashe da dariya. Wata har da faɗuwa a kan turmi. Hajiya Mahbuba ta rufe bakinta da gefen mayafi, don ita ma haƙoran nata sun daɗe da yin hijira.

Ta ce, “Hindatu, da wa kike?”

Na ce, “Da jikata nike, Hajiya. Ko akwai wata?”

Takwara dai na rasa, ban musa ba. Amma na samu lasisin da ba ya ƙarewa, kuma na yi niyyar zuwa Araba duk mako in yi amfani da shi. A amalanke.

Da na dawo, Mukhtari ya nemi in mayar masa da usur ɗinsa. Na ce ya ɓata. Yana nan a bakin zanena. Na ji an ce su ma manya akwai ƙasa ta bakwai da ke jiransu, wadda suke saukowa da kansu su roƙi yatsunmu lokacin zaɓe. Ranar da aka kafa rumfa aka jera su a kujerun gaba, zan samu wuri a tsakiya in cika kumatu in busa sau uku. Ba don komai ba, so nake kawai in ga wa zai riga wani haura katanga.